Wa ke kula da manhajar da kowa ke amfani da ita?

Tun shekarar 1994 masu haɗa Debian suke riƙe da wata rajista ta ƙorafe-ƙorafe, kuma har yau a buɗe take ga duk wanda yake son karantawa. Debian babbar manhaja ce ta dangin Linux, irin wadda take tafiyar da kwamfuta gaba ɗayanta. Ian Murdock ne ya kafa ta a 1993, kuma babu wani kamfani da ya mallake ta. Masu aikin sa kai ne daga ƙasashe daban-daban suke tattaro dubban ƙananan manhajoji da wasu suka rubuta, su daidaita su, su ɗaure kowace a ƙunshinta, sannan su raba wa duniya kyauta. Idan mutum ya ci karo da matsala a ɗaya daga cikinsu, sai ya aika saƙon imel, na'ura ta ba ƙorafinsa lamba, ta rubuta ranar da ya shigo, a kuma sa masa matsayi gwargwadon tsananinsa, tun daga abin da zai iya rushe kwamfuta ko ya salwantar da bayanai har zuwa ɗan abin da mutum yake fatan a ƙara kawai. Ranar da aka warware matsalar ita ma ana rubuta ta. Idan kuwa ba a warware ba, ƙorafin yana nan zaune da lambarsa, ko da zai shekara 10.

Wanda ya saba leƙa wannan rajista ya san wani salo da yake yawan maimaituwa a cikinta. Wani ya kawo ƙorafi da cikakken bayani. Bayan 'yan makonni mutum biyu ko uku su zo su ce su ma abin ya same su. Wani mai himma ya aiko da gyaran da yake ganin zai yi magani. Daga nan sai shiru, shekara ta wuce, wata ta bi bayanta, har wata rana wani baƙo ya faɗo ya tambaya ko matsalar tana nan a sabon fitowar manhajar, shi ma babu wanda ya tanka masa. A gefe guda kuma akwai ƙorafin da ya shigo da safe aka rufe shi kafin la'asar. Ga mai rubuta manhaja, wannan duka jerin ayyuka ne kawai. Ga mai nazarin zamantakewa kuwa, tarihi ne rubutacce na yadda mutanen da babu mai ba su umarni suke zaɓar abin da za su yi da abin da za su bari.

Wannan tarihi shi ne Kaylea Champion ta ɗauka ta yi aiki a kansa lokacin da take karatun digirin digirgir a sashen nazarin sadarwa na Jami'ar Washington da ke birnin Seattle a Amurka. Malamin da ya duba aikinta, Benjamin Mako Hill, ba baƙo ba ne a gidan, domin ya daɗe yana cikin masu haɗa Debian, kuma yana cikin waɗanda aka fara Ubuntu da su, wata manhajar dangin Linux da aka gina a kan Debian. Fannin da suke ciki shi ne nazarin zamantakewa ta hanyar kwamfuta da lissafi, wato maimakon a raba wa mutum 300 takardar tambayoyi, sai a ɗauki sawun da dubban mutane suka bari a rubuce yayin da suke aikinsu na yau da kullum, a auna shi. Na ga ya dace in yi bayanin wannan aiki da ɗan tsawo, saboda tambayar da ya ɗauko ta fi ƙarfin masu kwamfuta su kaɗai, kuma hanyar da aka bi wajen amsa ta tana da abin koyo da abin tsoro.

Da farko ya kamata a san me ake nufi da buɗaɗɗiyar manhaja. Ita ce wadda aka saki rubutunta na asali tare da lasisin da ya ba kowa damar karanta shi, ya sauya shi, ya kuma raba wa wasu. Richard Stallman ya fara aikin GNU, wato yunƙurin gina cikakkiyar manhajar tafiyar da kwamfuta da kowa yake da 'yanci a kanta, a 1983 a kan wannan aƙida, Linus Torvalds ya saki Linux a 1991, kuma yau da wuya a sami wayar Android ko babban shafin intanet da ba ya zaune a kan irin waɗannan manhajoji. Shekaru da dama tambayar da ta fi damun masana ita ce dalilin da zai sa mutum ya yi aiki mai wahala ba a biya shi ba, alhali wanda bai ɗaga ko tsinke ba shi ma zai ci moriyarsa. Masanin tattalin arziki Mancur Olson ya riga ya yi bayani tun 1965 cewa abin da jama'a suke mora tare yakan rasa mai ɗaukar nauyinsa, don kowa yana jiran wani. Buɗaɗɗiyar manhaja ta zo kamar ta ƙaryata shi, sai aka yi ta bincike, aka kuma samo amsoshi masu gamsarwa: wasu don sha'awa suke yi, wasu don koyo, wasu don a san su, wasu don biyan buƙatar kansu, wasu kuma kamfanin da suke wa aiki ne yake biyansu.

Champion ta juya tambayar ta wani gefen. Mun yarda mutane suna zuwa aikin, to amma wane aiki suke ɗauka idan sun zo? Mu da muka san gayya za mu fahimci bambancin cikin sauƙi. A gayya akwai mai gona, shi ya kira mutane, shi ya san inda ciyawa ta fi yawa, shi zai nuna kunyar da za a fara, kuma duk wanda ya noƙe an gan shi. A Debian babu mai gona. Kowa yana zuwa lokacin da ya ga dama, ya kama kunyar da ta yi masa, ya tafi lokacin da ya gaji, kuma babu mai ikon ce masa ya bar nan ya koma can. Wannan 'yanci shi ne ƙarfin tsarin, domin shi yake kawo mutane. Amma babu abin da ya tabbatar da cewa inda ma'aikata suke sha'awa nan ne inda jama'a suka fi buƙata.

Duniya ta ga misalin haka a watan Afrilun 2014, lokacin da aka bayyana ɓarakar da aka sa wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da take ɓoye bayanai tsakanin mai lilo da shafin da ya shiga. Kuskuren ya shiga rubutun a ƙarshen 2011, ya fita ga jama'a a 2012, ya kuma zauna kimanin shekara 2 ba a lura ba. Ta wannan kafa mugu yana iya tatso abin da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar da take ɗauke da shafi, har da kalmomin sirri da mabuɗan tsaro, kuma an ƙiyasta cewa shafuka kimanin rabin miliyan abin ya shafa. Da aka waiwaya don a ga su wa suke riƙe da wannan manhaja da bankuna da gwamnatoci suka jingina a kanta, sai aka tarar mutum ɗaya ne yake aikinta cikakken lokaci, gudummawar da take shigowa kuma ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba. Kafin wannan an daɗe ana tinƙaho da cewa tunda rubutun a buɗe yake, idanu masu yawa za su kama kowane kuskure. Abin da aka manta shi ne buɗe ƙofa daban, shigowar masu dubawa daban.

Bayan irin wannan abu kowa yakan zama masani. Abin da ya fi wuya shi ne a nuna wurin kafin ya fashe, kuma nan ne aikin Champion da Hill, wanda suka wallafa a 2021, ya sa gaba. Tunaninsu ba shi da sarƙaƙiya. Kowace manhaja tana da muhimmanci, tana kuma da inganci. Idan aka jera manhajoji daga wadda aka fi amfani da ita zuwa wadda ba a damu da ita ba, aka sake jera su daga wadda aka fi kula da ita zuwa wadda aka yi wa riƙon sakainar kashi, to a duniyar da komai ya daidaita jerin biyu za su yi kusan zama ɗaya. Manhajar da take can sama a jerin amfani amma take can ƙasa a jerin kulawa, ita ce abin tsoro. Wadda ba a amfani da ita kuma ba a kula da ita ba ta dami kowa ba. Wadda ake ta ƙawata ta alhali masu amfani da ita 'yan kaɗan ne, wannan ɓarnar ƙarfi ce kawai, ba haɗari ba.

Ba su ne suka fara wannan tunani ba. A 2015 Morten Warncke-Wang da abokan aikinsa sun gwada shi a kan Wikipedia, inda suka kwatanta yawan masu karanta maƙala da ingancinta. Sun tarar a Wikipedia ta Ingilishi an zuba ƙwazo mai yawa a kan batutuwa irin su wasan kurket da guguwar teku da tarihin yaƙe-yaƙe, yayin da maƙaloli da yawa da mutane suke tururuwar karantawa suke a rame. Abin da Champion ta yi shi ne ɗauko wannan ma'auni ta kai shi inda kuskure ba ya tsayawa a karatu mara daɗi, yana iya kaiwa ga satar bayanan mutane.

Wahalar tana wajen aunawa, kuma a nan ne nake ganin ƙwarewar aikin. Don auna muhimmanci, sun yi amfani da wata 'yar manhaja ta Debian mai suna popularity-contest, wadda idan mai kwamfuta ya amince, take aika rahoto duk mako na abin da aka girka a na'urarsa. Don auna inganci kuma suka koma ga rajistar nan, suka duba tsawon lokacin da ƙorafi yake ɗauka kafin a warware shi. Bayanan da suka tattara sun ƙunshi manhajoji 21,902 da ƙorafe-ƙorafe 461,656.

Mai gaggawa zai ce ai sai a ɗauki kwanakin da kowane ƙorafi ya yi, a haɗa, a raba. Wannan hanya tana da rami. A ɗauka wata manhaja tana da ƙorafi 20, mai kula da ita ya rufe 10 masu sauƙi cikin kwana 2, ya bar 10 masu wuya suna nan shekara da shekaru. Idan waɗanda aka rufe kawai aka lissafa, wannan manhaja za ta fito a sahun gaba, alhali ita ce marar lafiya. Idan kuma aka ce za a sa waɗanda ba a rufe ba, wace rana za a rubuta musu, tunda ranar ba ta zo ba? Likitoci sun daɗe da sanin wannan matsala, domin idan suna bin marasa lafiya don su ga tsawon lokacin da magani yake riƙe su, binciken yakan ƙare wasu suna raye, kuma ba a zubar da su daga lissafi. Akwai hanyar ƙididdiga da aka gina musamman don haka, wadda take amfani da sanin cewa abu ya kai aƙalla tsawon lokaci kaza bai ƙare ba. Ita suka aro. Suka kuma yi la'akari da cewa manhajar da take da ƙorafi 3 kacal ba za a yanke mata hukunci da ƙarfin gwiwar da za a yanke wa mai 3,000 ba, don haka kowace aka ba ta tazarar shakka, kuma ba a sa manhaja cikin jerin haɗari sai idan ko an yi mata sassauci ba ta fita ba.

Duk da wannan taka-tsantsan, manhajoji fiye da 4,000 suka faɗa cikin jerin, wato kusan ɗaya cikin biyar. Da yawa daga cikin waɗanda suka fi muni ba wasu ɓoyayyun abubuwa ba ne, sassa ne na fuskar kwamfuta da mutum yake gani yana dannawa kullum, musamman na GNOME, ɗaya daga cikin manyan tsare-tsaren wannan fuska a Linux. Wannan bai ba ni mamaki sosai ba. Matsalar da ta shafi allo ko batir ko sauti takan dogara da irin na'urar da mutum yake riƙe da ita, mai gyara kuma ba lallai yana da irinta ba, sannan wanda ya kawo ƙorafin sau da yawa ba masani ba ne, bai san bayanin da zai haɗo da shi ba. Wannan fassarata ce, amma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin gyara wa wani kwamfuta ta waya ya san yadda abin yake.

Sai kuma tambayar da kowane mai duba kundin digiri zai yi: ta yaya aka san ma'aunin yana auna abin da aka ce yana aunawa? Amsar da suka bayar ta fito ne daga sanin al'adar gidan, ba daga lissafi ba. A Debian kowane ƙunshi yana da mai kula da shi, mutum ɗaya ko ƙungiya, kuma ba a taɓa wa mutum ƙunshinsa haka kawai. Amma idan matsala mai tsanani ta daɗe mai kula bai motsa ba, ƙa'ida ta yarda wani daga cikin masu haɗa Debian ya yi gyaran ya ɗora, bayan ya sanar a rajista, kuma sau da yawa akan jinkirta shigar gyaran na 'yan kwanaki don a ba mai abu damar magana. Irin wannan shiga hurumin wani alama ce cewa mutanen cikin gida da kansu sun ga an yi sake. Da aka duba, sai aka ga manhajojin da lissafi ya nuna suna cikin haɗari su ne aka fi yi wa irin wannan ɗauki. Wanda bai zauna da mutanen Debian ba, ko kwamfutarsa ta kai girman ɗaki, ba zai san akwai wannan shaida ba balle ya neme ta.

A 2024 suka fitar da bincike na biyu, wanda ya nemi dalilan da suke sa manhaja ta faɗa wannan hali. Wani ɓangare na sakamakon bai saɓa wa hankali ba: tsohuwar manhaja, da wadda aka rubuta da tsohon yaren kwamfuta, sun fi shiga haɗari. Sauran kuwa ya saɓa wa abin da su kansu suka zata. Mu mukan ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma a nan manhajojin da suka fi yawan masu sa hannu su ne suka fi kasancewa cikin haɗari, kuma kasancewar ƙungiya ce take riƙe da ƙunshi maimakon mutum ɗaya bai nuna wani sauƙi ba. Sun kuma lura cewa mutanen da suke fama da ƙorafe-ƙorafen irin waɗannan manhajoji galibi su ne 'yan tsakiyar gidan, waɗanda ake samun sunansu a ko'ina.

Dole a yi hattara da wannan sakamako, domin tafiyar abu biyu tare ba ta nuna wanne ya haifi wanne. Yana yiwuwa yawan hannu ne yake sa kowa ya zaci wani zai yi. Yana kuma yiwuwa matsalar ce ta fara, ita ta jawo mutane suka taru. Ni na fi karkata ga na biyu a mafi yawan lokuta, amma ko wanne ne gaskiya, darasin ga masu ba da tallafi ɗaya ne, wato ƙidaya kawunan masu sa hannu ba ta isa a ce manhaja tana lafiya ba. Tsofaffin bincike ma sun nuna haka ta wata fuskar. Wani nazari da aka yi a 2000 a kan Apache, buɗaɗɗiyar manhajar da take ɗaukar shafukan intanet, ya tarar mutum 15 ne suka rubuta fiye da kashi 80 cikin 100 na sauye-sauyen da aka yi, wani kuma a 2016 ya duba shahararrun ayyuka 133 a GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja suke ajiye ayyukansu, ya tarar kusan kashi biyu cikin uku za su durƙushe idan mutum ɗaya ko biyu suka tafi.

Akwai inda nake ganin ma'aunin ya gaza, kuma masu shi ba su ɓoye iyakokinsa ba. Na farko, yana kwatanta manhajoji ne da junansu, saboda haka idan duk gidan ya lalace tare ba zai nuna ba. Na biyu, saurin rufe ƙorafi ba shi ne inganci ba, inuwarsa ce kawai. Abin da ya faru da xz a 2024 ya isa misali. Wannan ƙaramar manhaja ce ta matse fayiloli, wadda take cikin kusan kowace kwamfutar Linux, kuma mutum ɗaya, Lasse Collin, ya riƙe ta shekaru a matsayin aikin sha'awa ba tare da albashi ba. Wajen 2021 wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara aiko da gyare-gyare masu kyau. A 2022 wasu sunaye suka dinga matsa wa Collin lamba cewa aiki ba ya sauri, ya kamata ya ba wani dama. A hankali Jia Tan ya sami ikon fitar da sabon zubi da kansa, kuma a farkon 2024 ya dasa wata ɓoyayyar ƙofa da za ta ba mai mabuɗinta damar shiga kwamfutocin mutane daga nesa. Wani injiniya mai suna Andres Freund ne ya gano ta a ƙarshen watan Maris, a kan zubin gwaji na Debian, saboda ya lura shiga wata na'ura ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya kuma ƙi barin abin ya wuce. Abin lura a nan shi ne, a shekarun da ake shirya wannan cin amana, wanda yake kallon alƙaluma kawai zai ga aiki yana tafiya, sabon mai taimako ya zo, ana amsa ƙorafi. Gajiyar mutum ɗaya da yaudarar da aka yi masa suna cikin wasiƙun da aka yi musaya, kuma sai an zauna an karanta su da ido za a gan su.

Na uku shi ne wanda ya fi shafar mu. Ma'aunin muhimmanci yana ƙidaya na'urorin da masu su suka amince su aika rahoto ne kawai, ma'aunin inganci kuma yana ganin ƙorafin da aka rubuta ne kawai. Ɗalibin da ya karɓi Linux a filashi daga hannun abokinsa, wanda yake kunna data da lissafi yana kashewa, da wuya ya bar wata manhaja tana aika rahoto duk mako. Idan kuma harafin ƙ ko ɗ ya ƙi fitowa daidai a wata manhaja, abin da ya fi yiwuwa shi ne ya rubuta k ko d ya wuce, ba zai zauna ya tsara ƙorafi da Ingilishi ya aika wa mutanen da bai sani ba. A rajista wannan matsala ba ta wanzu ba, manhajar kuma za ta fito kamar lafiyarta ƙalau. Duk binciken da aka gina a kan sawun da mutane suka bari yana da wannan makanta, domin wanda bai taka ba ba shi da sawu, kuma waɗanda ba sa takawa ba a warwatse suke cikin duniya ba, sun fi taruwa a wasu ƙasashe da wasu harsuna.

Wani zai ce mene ne ruwanmu da rigimar Debian. Ruwanmu yana da yawa. DHIS2, manhajar da Najeriya take tattara alƙaluman asibitoci da ita, buɗaɗɗiya ce, daga Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ake jagorantar ta, kuma an saba girka ta a kan Ubuntu, wadda ita kuma daga Debian take ɗibar mafi yawan kayanta. Ma'aikatan da suke bi gida-gida da waya suna cike fom na rigakafi ko na agaji, da yawansu ODK ko KoboToolbox suke riƙe da su, waɗanda su ma buɗaɗɗu ne. Waɗannan manyan suna da ma'aikata da masu ba su kuɗi, amma a ƙarƙashinsu akwai ɗaruruwan ƙananan manhajoji da babu wanda ya san sunan masu riƙe da su, kuma lafiyar na sama tana rataye da ta na ƙasa. Tun bayan Heartbleed an fara kafa asusu don irin waɗannan, kamar wanda gidauniyar Linux ta buɗe a 2014 da wanda gwamnatin Jamus ta kafa a 2022, kuma kowane asusu yana fuskantar tambaya ɗaya, wato wa za a ba cikin dubbai. A nan ne jeri irin na Champion yake da amfani, ba don ya yanke hukunci ba, sai don ya rage dubbai su koma adadin da mutum zai iya zama ya bincika ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma batun ladabi, wanda ba a cika koyar da shi tare da lissafi ba. Bayanan a buɗe suke, amma mutanen da suka bar su ba su yi don a yi nazarinsu ba, kuma bayan kowane ƙunshi da aka ce an yi sake da shi akwai mutum mai suna, wanda wataƙila rashin lafiya ko hidimar iyali ce ta ɗauke masa hankali daga aikin da ba a biyansa. Jerin da aka yi don a kai ɗauki yana iya zama jerin tozarta mutane idan ya faɗa hannun da bai dace ba. An kuma ga inda masu bincike suka wuce gona da iri. A 2021 masu kula da Linux suka dakatar da karɓar gyara daga Jami'ar Minnesota baki ɗaya, bayan ta bayyana cewa wasu masu bincike a can sun aika gyare-gyare masu ɗauke da kuskure da gangan don su gwada ko za a kama, ba tare da sanin waɗanda ake gwadawa ba. Aikin Champion bai taɓa rubutun kowa ba, abin da aka riga aka ajiye ya karanta, kuma an mayar wa mutanen Debian sakamakon don su yi muhawara a kansa.

Abin da ya fi jan hankalina a matsayin mai kallo daga wannan yanki shi ne arhar kayan aikin. Irin wannan bincike ba ya buƙatar ɗakin gwaji ko na'urar miliyoyi. Rajistar Debian kyauta ce, R da Python da ake lissafin da su kyauta ne, abin da ake buƙata shi ne kwamfuta matsakaiciya, da sanin ƙididdiga, da haƙurin zama a fahimci al'adar mutanen da ake nazari. Ɗalibin digiri na biyu ko na uku a Kano ko Zariya ko Yamai yana iya ɗaukar wannan hanya ya aza ta a kan Wikipedia ta Hausa, domin gidauniyar Wikimedia tana wallafa yawan masu buɗe kowace maƙala, tarihin kowane gyara kuma yana nan da ranarsa da sunan mai shi. Zai jera maƙalolin bisa yawan masu karatu, ya sake jera su bisa inganci, ya ga inda jerin biyu suka rabu.

Sai dai aikinsa zai fi na Warncke-Wang wuya ta fuska biyu. Ba zai sami maƙaloli masu yawa da editoci suka riga suka ba maki ba kamar yadda ake samu a ta Ingilishi, don haka dole ya gina nasa ma'aunin, kuma tsawon maƙala ba zai wadatar ba, tunda doguwar maƙalar da aka juyo da na'ura ba a gyara ba tana iya kasa gajeriyar da Bahaushe ya zauna ya rubuta. Zai buƙaci mutane masu jin harshen su karanta wani kaso su ba da maki, sannan ya gwada ko lissafinsa ya yi daidai da hukuncinsu. Ta fuskar buƙata kuma, alƙaluman masu karatu suna nuna maƙalolin da suke akwai ne kawai, saboda haka batun da mutane suka nema ba su samu ba sai ya biyo shi ta wata hanya, misali ta duba abin da masu karatu daga Najeriya da Nijar suke buɗewa a Wikipedia ta Ingilishi da ta Faransanci wanda babu takwaransa da Hausa.